Ahmad ibn Majid: Malamin jirgin da ya auna ƙasan Bahar Maliya da igiya da dalma

Tsakanin Sawakin da Jidda tafiyar dare ɗaya ce a jirgin ruwan zamani. Alhazai da masu umara da 'yan ci-rani daga Dar Salam ta Umdurman, da Khartum, da Mai Wurno, da Gadarif sun san hanyar sarai. A 2023 ma, da yaƙi ya ɓarke a Khartum cikin watan Afrilu, ta wannan ruwa aka kwashe dubban mutane daga Fot Sudan zuwa Jidda. Fasinja ruwa kawai yake gani a shimfiɗe. Matuƙi kuwa idonsa na kan taswira mai cike da ƙananan lambobi, kowace lamba tana faɗin zurfin ruwa a daidai inda aka rubuta ta. Idan ɗaya ta yi ƙarya, jirgi na iya hawa dutse da rayuka ɗari-ɗari a cikinsa.

Mutumin da ya fi kowa suna a tsohon tarihin wannan aiki ya rasu fiye da shekara 500 da suka wuce. Sunansa Shihabuddin Ahmad ibn Majid. An haife shi wajen 1432 a Julfar, wato yankin Ras al-Khaima na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a yau, kuma shi da kansa yana danganta zuriyarsa da Najadu. Zamaninsa ɗaya da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa: ya kammala babbar waƙarsa ta farko a 1462, shekara guda kafin Rumfa ya hau gadon sarauta.

Sana'ar gado ce. Kakansa da mahaifinsa duk jagororin jirgi ne, kuma Bahar Maliya ce gonarsu. Ana yi wa mahaifin, Majid, laƙabi da jagoran gaɓa biyu, wato gaɓar Larabawa da ta Afirka, ya kuma bar wa ɗansa doguwar waƙa mai baiti fiye da dubu, Al-Hijaziyya, wadda ke bayanin hanyoyin wannan teku. A jiragen Larabawa na lokacin akwai nahuda, mai jirgi ko wakilinsa, wanda kaya da ciniki ke hannunsa. Akwai kuma mu'allim, wanda hanya ke hannunsa. Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, domin daga ita muka samo malam. Ibn Majid malamin jirgi ne, kuma ya yi kusan shekara 50 yana wannan aiki tsakanin Jidda, Adan, gaɓar Afirka ta Gabas da Indiya.

Tekun da ba a shigarsa da ka

Larabawan zamaninsa na kiran Bahar Maliya da Bahrul Ƙulzum, kuma masu jirgi sun fi jin tsoronta a kan babban tekun Indiya. Dalili shi ne murjani. Tsakiyar tekun rami ne mai zurfin da ya haura mita 2,000, amma gefe da gefe, a ɓangaren Sudan da na Hijaz, duwatsun murjani ne ke tasowa daga ƙasa kamar katanga, su tsaya dab da saman ruwa. Jirgi na iya kasancewa a kan ruwa mai zurfi ƙwarai, kafin a ce kwabo cikinsa ya daki dutse. Shi ya sa ƙananan jiragen da ke bin gaɓa suke tafiya da rana, lokacin da mai tsaye a goshin jirgi zai iya ganin inda ruwa ya sauya launi, da yamma kuma su nemi lungu su kwana.

Wannan ruwa mahajjata suka daɗe suna tsallakewa. Matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, ya haye daga Aizab zuwa Jidda a 1183, ya kuma bar labarin irin cunkoson da masu jirgi ke yi wa alhazai. A ƙarnin Ibn Majid Aizab ta mutu, Sawakin ta gaje ta. Mahajjatan Afirka ta Yamma na wancan lokaci, irin su Askiya Muhammadu na Songai da ya tafi a 1496, ta Masar suka fi bi. Hanyar Sudan, wadda ta haifar da garuruwa da unguwannin Hausawa a bakin Nilu, sai daga baya ta bunƙasa, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903. Amma ƙarshenta Sawakin ne, kuma duwatsun da suka tare wa Ibn Majid hanya su ne dai jikokin mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka tarar.

Kayan aikin malamin jirgi ba su da yawa. Na farko shi ne bild: dunƙulen dalma a bakin doguwar igiya. A jefa shi, ya taɓa ƙasa, a jawo ana aunawa da buɗin hannu biyu. Larabawa na kiran wannan ma'auni ba'u, Hausawa kuma gaba, irin wadda masu haƙar rijiya da masu sayar da igiya ke aiki da ita. Dalmar kan taho da ɗan abin da ta tarar a ƙasa, ko laka, ko yashi, ko ɓarɓashin murjani, wannan ma labari ne ga wanda ya san karatunsa.

To amma cewa an sami gaba 12 ba ta da amfani sai an san a ina aka same ta. A nan ne aikin yake, kuma a nan Ibn Majid ya yi wa saura nisa. Yana gane inda jirgi yake ta hanya uku: alƙiblar da aka fuskanta a kan kamfas mai gida 32, waɗanda yawancinsu sunayen mafita da mafaɗar taurari ne, tsawon tafiyar da aka yi, wadda ake lissafawa da zam, wato kimanin awa uku, takwas a yini da kwana, sai tsayin tauraro daga inda sama ta haɗu da ruwa, wanda ake aunawa da 'yan allunan katako. Ma'aunin sunansa isba'u, wato yatsa, ya ɗan haura digiri ɗaya da rabi. Duk malamin ƙauyen da ke lissafin damina da Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa ya riga ya san rabin sararin da Ibn Majid ke karantawa, domin masaukan wata 28 ɗin nan su ne agogonsa na dare.

Abin da ya fi burgewa shi ne yadda bai yarda da ɗanyen awo ba. Tauraron arewa, wanda masu jirgi ke kira Jahu, ba ya zaune cif a wuri ɗaya. Yana ɗan kewayawa cikin dare, tsayinsa na hawa yana sauka. Wanda ya auna shi bayan isha'i da wanda ya auna da asuba, a wuri guda, lambobinsu za su saɓa. Saboda haka akwai lokacin da aka ɗauka a matsayin asali, wato sa'ar da tauraron Sarfa ya kai tsakiyar sama, sauran lokuta kuma kowanne da abin da za a rage, wanda suke kira bashi. Har a rubuce yakan nuna awon da ya cika ya yi ɗan rara da wanda ya ɗan matse. A yaren ma'aikatan yau, yana rubuta lamba tare da iyakar kuskurenta.

Ranar da ya ƙi yarda da nahuda

Akwai wani labari da ya bayar da kansa wanda ya isa a gane irin mutumin. A shekara ta 890 bayan hijira, daidai da 1485, jirginsu ya tsaya a Bahar Maliya kusa da wasu tsibirai biyu. Nahuda da jagoran da ya san yankin suka haɗa baki a kan a ratsa tsakanin tsibiran. Ibn Majid ya ƙi, domin ya tuna a waƙar mahaifinsa an ce babu mashiga a wurin. Aka yi ta ja-in-ja: ga mutum biyu masu iko a gefe guda, ga baitin da ya gada daga mahaifinsa a ɗaya gefen.

Da wani ne, sai ya kafe a kan cewa haka ya gada, ko kuma ya bi na gaba da shi don a zauna lafiya. Shi kuwa shawarar da ya kawo ita ce a tura sambuk, wato ƙaramin jirgi, ya yi gaba da igiya da dalma ya auno wurin tukuna. Sambuk ya tafi, bai dawo ba sai da rana ta yi sanyi, da labarin cewa ruwan gaba biyu ne kacal, abin da bai kai mita huɗu ba. Aka fasa. An yi asarar yini guda, an tsira da jirgi da mutanen ciki. Ibn Majid ya ɗauki wannan waƙa a matsayin mafi tsadar abin da mahaifinsa ya bar masa.

Sai dai girmamawar ba ta hana shi gyara ba. Ya bayyana cewa mahaifinsa ya gyara wa kakansa, shi kuma ya gyara wa mahaifinsa bayan shekaru masu yawa na gwaji. Haka ya yi wa magabatan nan uku da masu jirgi ke kira zakuna, Muhammad ibn Shazan da Sahl ibn Abban da Laisu ibn Kahlan: ya yaba musu, ya lissafa kansa na huɗunsu, sannan ya soke su da cewa tattara labarin wasu suka yi, ba su shiga ruwa yadda ya kamata ba. Tawali'u dai ba halinsa ba ne. Littattafansa cike suke da yabon kai, har da laƙabin zakin teku. Amma mai karatu zai yi masa uzuri idan ya tuna cewa a sana'arsa, wanda ya yi kunyar gyara kuskuren babba yana iya nutsar da mutane.

Abin da ake yi a jirgin awo na yau

Igiya da dalma sun yi aiki har farkon ƙarni na 20, kafin na'urar amsa-kuwwa ta karɓe su. Jirgin awon ƙasan teku na yau yana ɗauke da na'ura a ƙarƙashin cikinsa, tana harba sauti zuwa ƙasa tana sauraren dawowarsa. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, don haka idan ya je ya dawo a daƙiƙa biyu, zurfin wajen mita 1,500 ne. Na'urorin zamani ba layi ɗaya suke harbawa ba; ɗaruruwa suke watsawa lokaci guda, a buɗe kamar mafici, jirgin kuma yana kai da kawowa a jere kamar mai huɗa, kowace kunya na ɗan hawa kan ta kusa da ita don kada a bar gibi.

A yini ɗaya ana tara miliyoyin lambobi, kuma babu wadda za a sa a taswira yadda ta zo. Akwai ɗaki a cikin jirgin inda ma'aikata ke karɓa-karɓa a gaban kwamfuta dare da rana suna tace su. Da farko a haɗa kowane awo da wurinsa, wanda tauraron ɗan'adam ke bayarwa ta GPS, a madadin Jahu da Sarfa. Sannan a cire tangaɗin jirgi, domin igiyar ruwa na karkata shi dama da hagu, tana ɗaga shi tana saukewa, wata na'ura kuma na rubuta kowane motsi don a daidaita lissafi.

Sai gyaran gudun sauti, wanda a Bahar Maliya ba a wasa da shi. Ruwanta ya fi na yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a kowace lita, kuma ko a can ƙasa ɗuminsa na kusa da digiri 22. Ɗumi da gishiri na ƙara wa sauti gudu, har ya wuce mita 1,530 a daƙiƙa. Wanda ya yi lissafi da 1,500 a kan ramin mita 2,000 zai yi kuskuren fiye da mita 40. Don haka lokaci-lokaci akan zura wani ma'auni cikin ruwa ya karanto gudun sautin daga sama har ƙasa. Bayan nan a mayar da duk awon kan mizani ɗaya na tsayin ruwa. A tsakanin Fot Sudan da Jidda cikowa da janyewar teku ta kullum kaɗan ce ƙwarai, amma ruwan ya fi tsayi da hunturu a kan lokacin zafi da kusan rabin mita. A kan dutsen murjani, rabin mita na iya raba jirgin da ya wuce da wanda ya maƙale. Wannan shi ne bashin zamani.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda har yanzu sai da idon mutum. Garken kifi ko kumfar ruwa kan mayar da sauti, sai kwamfuta ta nuna tudu inda babu tudu. Ma'aikaci zai duba ya goge. Amma wani lokacin ɗigon da ya fita daban ba ƙarya ba ne, kan wani siririn dutse ne ko sandar jirgin da ya nutse. Idan aka goge shi, an goge haɗarin daga takarda an bar shi a ruwa. Ƙa'idar masu aikin ita ce, in ana shakka a koma a sake bi ta kai, kuma a wurin da ba zurfi akan tura ƙaramin kwalekwale mai na'ura, kamar dai sambuk ɗin 1485. Shi ya sa ake tace bayanan tun jirgi na wurin, kafin ya koma tasha. In an zo zana taswira kuma, lambar da ta fi nuna ƙarancin zurfi ake zaɓa. Hukumar da ke tsara waɗannan ƙa'idoji ta duniya tana Monako tun 1921, kuma duk da wannan ci gaba, abin da aka auna da kyau na ƙasan tekunan duniya bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu da 'yan kai ba.

Waƙa a matsayin taswira

Ibn Majid ba shi da kwamfuta, don haka inda ya adana tatattun bayanansa shi ne baiti. Ya bar rubuce-rubuce kusan 40, yawancinsu waƙoƙi. Ta 1462, Hawiyatul Ikhtisar, baiti 1,082 ce. Akwai wadda ta bi hanyar Sofala a Mozambik ta yau, akwai ta Malaka, akwai ta gano alƙibla daga ƙasashe daban-daban. Hikimar a fili take ga duk wanda ya yi karatun zaure ya haddace Ishiriniya ko Alfiyya: takarda na jiƙewa, fitila na mutuwa cikin iska, amma abin da ke ka yana nan, kuma ma'aunin waƙa kan tona wurin da aka tsallake kalma.

Babban littafinsa na zube, Kitabul Fawa'id, ya kammala shi a 895 bayan hijira, wajen 1490. Babi 12 ne, kan taurari, da kamfas, da hanyoyi, da lokutan iska, da alamomin kusantar tudu irin su tsuntsaye da macizan ruwa na gaɓar Indiya, da halin da ya kamata malamin jirgi ya kasance da shi. Babi na ƙarshe ya keɓe wa Bahar Maliya ita kaɗai, da tsibiranta da matsayanta da duwatsunta. Ya rasu wajen 1500.

Ƙazafin da ya bi shi kabari

Abin takaici, da yawa sun san sunansa ne ta wani labari da bai tabbata ba. A watan Afrilun 1498 Vasco da Gama ya ɗauki jagora a Malindi, wanda ya kai jiragen Fotugal gaɓar Kalikut a watan Mayu. Shekaru da dama bayan haka wani marubucin Makka, Ƙuɗubuddin Nahrawali, ya rubuta cewa wani mai suna Ahmad ibn Majid ne ya nuna wa Turawan hanya bayan sun ba shi giya. Da masanin Faransa Gabriel Ferrand ya buga hotunan rubuce-rubucen Ibn Majid da ke babban ɗakin karatu na ƙasa a Paris, daga 1921, sai ya ɗauki wannan magana ya haɗa mutum biyun, duniya kuma ta karɓa.

Masana na baya, musamman Gerald Tibbetts da ya fassara Fawa'id zuwa Ingilishi a 1971, da Ibrahim Khuri na Siriya, sun rushe zancen. Marubutan Fotugal sun ce jagoran mutumin Gujarat ne ta Indiya. Sunan da suka ba shi, Malemo, muƙami ne kawai, mu'allim ɗin nan dai da aka ambata. A 1498 kuma Ibn Majid dattijo ne da ya haura 60, wanda ya shahara daga Jidda har Indiya, ba mai zaman jiran haya a bakin tasha ba. Duk da haka labarin na nan a littattafan makaranta na wasu ƙasashe, wasu na alfahari da shi, wasu na tsine masa.

Waɗanda suka zo bayansa a kan aikinsa suka ɗora. Sulaiman al-Mahri ya rubuta nasa littafin a 1511. Kwamandan jiragen Usmaniyya, Sidi Ali Ra'is, ya dogara da su biyun wajen rubuta Muhit da Turkanci a 1554. A 1541 wani Bafotugale, João de Castro, ya shigo da rundunar yaƙi ya auna mashigar Sawakin ya zana ta. Daga 1829 jami'an ruwa na Ingila daga Bombay, Robert Moresby da Thomas Elwon, suka shafe shekaru suna bin tekun da igiya da dalma don buɗe wa jiragen tururi hanya. Ƙarshenta ƙuncin mashigar Sawakin da murjaninta suka sa Turawan mulki suka fara gina sabuwar tasha a Marsa Shaikh Bargut a 1905, wadda aka buɗe a 1909 da sunan Fot Sudan. A shekarun 1960 kuma jiragen bincike suka gano ramuka masu ruwan gishiri mai zafi da laka mai ƙarafa a tsakiyar tekun, tsakanin Sudan da Jidda, abin da ya kai ƙasashen biyu ga yarjejeniyar 1974 ta raba arzikin wurin.

Masu jirgin Larabawa kuwa ba su jira Paris ta tuna musu da shi ba. A 1854, da Baturen nan Richard Burton ya shiga wani jirgi daga Adan zuwa gaɓar Somaliya, ya ga ma'aikatan jirgin, kafin su shiga babban ruwa, sun ɗaga hannu sun karanta Fatiha ga wani da suke kira Shehu Majid.